Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar INEC: taswirar 1996 ta yi mana kaɗan

Zuwa ga Shugaban Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa da kwamishinoninsa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

Ni malamin makaranta ne. An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Minjibir, yanzu kuma ina zaune da iyalina a Bachirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo a jihar Kano. Rayuwar wuraren nan biyu ba ta yi kama da juna ba ko kaɗan, amma a takardarku mazaɓa ɗaya ce, Ungogo da Minjibir, kujera ɗaya a Majalisar Wakilai. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ɗaki biyu gare ni a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma kowanne yana yoyo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Roƙona ɗaya ne: ku sake shata iyakokin mazaɓun ƙasar nan. Rabon da a yi wannan aiki tun 1996, zamanin Janar Sani Abacha, lokacin hukumar zaɓe ana kiranta NECON, kuma da alƙaluman ƙidayar 1991 aka yi shi, sa'ad da aka ce mu miliyan 88.9 ne. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka zana taswirar nan ya yi zaɓe a 2015, ya yi a 2019, ya yi a 2023, yau ga shi da mata da 'ya'ya. An sake ƙidaya a 2006 aka sami mutum miliyan 140 da 'yan kai, taswira ba ta motsa ba. Rigar da aka ɗinka wa yaro ita ake ta cusa wa magidanci, ana mamakin yadda take yagewa a hammata.

Bari in gaya muku abin da idona ya gani. Lokacin da na sayi ɗan filina na awon igiya, daga bayan katangata gero ne da dawa har inda ido ya tsaya. Da damina sai mun tattare wando muke ratsa gonaki mu fita titi. Mai gonar da ke maƙwabtaka da ni yakan miƙo wa yarana ɗanyar gyaɗa ta kan katanga. Yau gonar tasa gidaje goma sha ne, kowane gida kuma akwai 'yan haya a ɗakunan soro. Idan ka tsaya a bakin layinmu da sassafe, abin da za ka fara ji shi ne ƙarar jarkoki a kurar masu ruwa, sai kuma 'yan makaranta da suka cika lungu har adaidaita sahu ba ta samun wurin juyawa. Ajin da nake koyarwa yara sun haura ɗari, na gaba suna zaune a ƙasa har gindin allo, in zan rubuta a can ƙarshen allon sai na ce wani ya ɗan matsa. Waɗannan mutanen duka ba sa cikin lissafin 1991. Yawancinsu ba a haife su ba, waɗanda aka haifa kuma suna ƙauyukansu a lokacin.

Na san kun fi ni sanin doka, amma zan maimaita ta domin masu karanta wannan wasiƙa tare da ku. Sashe na 71 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumarku raba ƙasar nan zuwa mazaɓu 360 na Majalisar Wakilai, da raba kowace jiha gida uku domin Majalisar Dattawa. Sashe na 72 ya ce kada mazaɓa ta tsallaka iyakar jiha, kuma yawan mutanen kowace mazaɓa ya kusanci na sauran gwargwadon yadda zai yiwu. Sashe na 73 ya ce a riƙa sake duba rabon, ya kuma ba ku damar gyara shi bayan an yi ƙidaya. Sashe na 112 zuwa na 114 suka faɗi irin wannan game da majalisun dokokin jihohi. Ma'aunin da doka ta ɗauka shi ne yawan mutane. Ba ta ce yawan ƙananan hukumomi ba, ba ta ce faɗin ƙasa ba, ba ta kuma ce wanda ya riga ya samu ya riƙe har abada ba.

To mu yi lissafin da ɗan aji shida zai iya. A raba miliyan 140 gida 360, kowace kujera za ta tashi da mutum wajen dubu 390. Da wannan mudun nake so ku auna jiharmu, da alƙaluman 2006 ɗin nan da gwamnati ta karɓa ta buga. Ƙaramar hukumar Nassarawa, mai Hotoro da Dakata da Kawaji da Gama, ta kusa mutum dubu 600, ɗan majalisa ɗaya. Ungogo da Minjibir a haɗe su ma sun doshi dubu 600, ɗan majalisa ɗaya. Fagge tana wajen dubu 200, ɗan majalisa ɗaya. Tarauni ta ɗan ɗara haka kaɗan, ita ma ɗaya. Wato bakin mutum ɗaya a Fagge daidai yake da bakin mutum uku a Dakata ko a Bachirawa. Ba laifin mutanen Fagge ba ne, kuma na san za su ce da rana rabin Kano a wurinsu yake yini, tsakanin Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Gaskiya ne. Amma ana ƙidaya mutum ne a inda yake kwana, kuma masu yini a Kwari da yamma unguwanninmu suke dawowa.

Ga kuma abin da ya sa ban yarda da masu mayar da maganar nan faɗan birni da ƙauye ba. Ku duba Gaya da Ajingi da Albasu. Karkara ce zalla, manoma da makiyaya da 'yan ƙananan kasuwanni. A ƙidayar 2006 su ukun sun haura rabin miliyan, kuma kujera ɗaya suke rabawa. Manomin Albasu da ɗan hayar Hotoro ba su san juna ba, amma cuta iri ɗaya ake yi musu. Tsohuwar taswira ba ta zaɓi birni ta bar ƙauye ba, ba ta kuma zaɓi ƙauye ta bar birni ba. Ta fifita wuraren da suka riga suka cika tun da daɗewa, ta danne wuraren da jama'a suka ƙaru daga baya, ko a gefen gari suke ko a cikin daji. Wannan kuma lissafin 2006 ne. Duk wanda ya san yadda Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri da Sheka suka bunƙasa tun daga lokacin ya san ratar ta ƙara faɗi.

A majalisar jiha abin ya fi ciwo, domin a can ake yanka kasafin makaranta da asibiti da kwalbati. Sashe na 91 ya ce kada majalisar jiha ta gaza kujera 24, kada ta wuce 40. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, sai aka bi hanya mai sauƙi: kusan kowace ƙaramar hukuma aka ba ta kujera ɗaya, aka haɗe guda takwas bibbiyu domin lissafi ya tsaya a 40. Sakamakon haka Nassarawa mai kusan dubu 600 tana da murya ɗaya, Warawa da ba ta kai dubu 150 ba a 2006 ita ma tana da murya ɗaya. Ina rantsuwa ba na ƙyashin mutanen Warawa, sun cancanci wakili kamar kowa. Amma idan aka zo ɗaga hannu a kan inda za a gina sababbin ajujuwa, yaran da ke zaune a ƙasa a makarantun Nassarawa kashi ɗaya cikin huɗu na hannu ake ɗaga musu.

Yanzu bari in koma ɗaya ɗakin nawa, domin in na tsaya a nan na ci amanar inda aka binne cibiyata.

Ina da baffa a ƙauye, ƙanen mahaifina, ya haura shekara saba'in, yana noman rani a kusa da madatsar Wasai. Ruwan da ke taruwa a wurin daga kogin Jakara yake zuwa, bayan ya ratso birnin Kano ya kwaso duk abin da birni ya zubar. Da sallar da ta wuce na same shi a garka yana ba albasa ruwa. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya miƙo mini kusa da hanci, bai ce komai ba. Da muka zauna a gindin mangwaro na fara yi masa bayanin wannan magana, ina cewa mu mutanen gefen gari an danne mu, ya kamata a ƙara mana kujera. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce: “Malam, ashe kai ma ka zama ɗan birni. Ku da ake zuwa layinku sau uku kafin zaɓe, ku ne aka danne? Mu nan motar kamfen inda kwalta ta ƙare take juyawa. In an ƙara muku, daga wa za a rage?”

Na ce: “Baffa, ai ba daga gare ku ba.”

Ya ce: “Haka ake cewa kullum.”

Ban sami amsar da zan ba shi a ranar ba, kuma maganarsa ba ta bar ni na yi barci sosai ba. Yana da gaskiya ta wani gefe da alƙaluma ba sa nunawa. A mazaɓar da aka haɗa unguwannin gefen birni da ƙauyuka, duk ɗan takarar da ya iya lissafi ya san inda ƙuri'a take a cunkushe. A layi ɗaya a Bachirawa zai gaisa da mutanen da sai ya yini a mota kafin ya tara irinsu a ƙauyuka goma. Ba na zargin wani ɗan majalisa, na da ko na yanzu, kowa aka ba wannan mazaɓa haka lissafin zai kai shi. Abin da mutanen birni ke kuka da shi magudanar ruwa ne da taransifoma da cunkoson makaranta. Abin da Baffa ke kuka da shi taki ne a kan lokaci, da hanyar fitar da albasa kafin ta ruɓe, da ruwan da ba zai ƙona shuka ba. Mutum ɗaya aka ce ya ɗauki kayan nan biyu, kuma kuɗin ayyukan mazaɓa ta hannun 'yan majalisa suke bi, kujera-kujera, ba a tambayar mutum nawa ke bayan kowace kujera. A irin waɗannan mazaɓu ƙaramin ɓangare yakan koma dogaro da alkawarin karɓa-karɓa, wanda ba a rubuce yake a kowace doka ba, ranar da babban ɓangare ya ga dama ya take shi.

Saboda haka raba Ungogo da Minjibir ba ƙwace ba ne daga hannun Baffa. Shi ne ma zai fi kowa cin riba, idan aka haɗa shi da maƙwabtansa manoma masu irin damuwarsa, aka ba su wakilin da ba shi da wata ƙuri'ar da zai nema sai tasu. Amsar da ya kamata in ba shi ke nan a gindin mangwaro.

Akwai kuma nisa, wanda shi ma hakki ne. Ɗan majalisar Fagge zai iya zagaye mazaɓarsa tsakanin azahar da la'asar. Na Doguwa da Tudun Wada sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya isa Riruwai. Na Birnin Gwari da Giwa a Kaduna, ko na Bunguɗu da Maru a Zamfara wanda Ɗansadau ke ƙarƙashinsa, ko na Borgu da Agwara a Neja, akwai garuruwan da zuwa cikinsu sai an shirya kamar za a yi doguwar tafiya, wasu ma sai da rakiyar jami'an tsaro. Wanda ya ce a auna waɗannan da mudu ɗaya da tsakiyar birni, ƙwaya da ƙwaya, bai taɓa hawa babur a hanyar burji da damina ba. Na yarda a yi wa karkara mai nisa rangwame. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rangwamen da ba a rubuta ba, wanda ba wanda ya san iyakarsa. Tsarin mulkinmu ya ce “gwargwadon yadda zai yiwu” ya yi shiru, sai wannan ƙofa ta zama wagege har mazaɓa ta ninka wata sau uku ba wanda ya karya doka a fili. Kenya ta rubuta nata a tsarin mulkin 2010: mazaɓu 290, kuma mazaɓa ba za ta yi sama ko ƙasa da mudu da fiye da kashi 40 cikin ɗari ba a manyan birane da wuraren da jama'a suka yi ƙaranci, sauran wurare kuma kashi 30. Maƙwabtanmu na Nijar, a majalisarsu kafin juyin mulkin 2023, sun ware kujeru 8 na musamman domin al'ummomin da yawansu ba zai taɓa kai su majalisa ba, a wurare irin su Bilma da Tasara. Ko mutum ya yarda da adadinsu ko bai yarda ba, sun faɗi abin da suke yi a fili, sun sa masa lamba. Mu ma ku kawo lamba, a yi gardama a kanta, a tsayar.

Wani abu kuma da nake roƙo kada ku manta da shi ranar da za ku zauna da taswira. Ba duk wanda ya baro ƙauye ne ya baro shi da son ransa ba. Maiduguri ta cika da mutanen da Boko Haram ta kora daga garuruwansu. Gusau da Katsina da Sakkwato sun cika da waɗanda 'yan bindiga suka tasa. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da ke haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, tana sayar da awara a ƙofar gida, kullum maganarta ita ce ranar da za ta koma ta ga gonar mijinta. Idan aka ƙidaya ta a birni, aka rage wa garinsu nauyi a majalisa domin ya zama kufai, an yi musu hukunci sau biyu: an kasa tsare su, sannan an karɓe muryar da za su nemi tsaron da ita. Hukumarku ta riga ta san wannan matsala, domin tun zaɓen 2015 kuka yi tsarin da 'yan gudun hijira za su jefa ƙuri'a. Ku faɗaɗa wannan tunani zuwa shata iyaka. A bambanta wanda ya yi ƙaura da wanda aka kora.

Na san dalilin da ya sa kowa ke tsoron taɓa maganar nan. Tun zaɓen 1959, da aka raba kujeru 312 Arewa ta sami 174, lissafin kujera ya zama lissafin wa zai mulki wa. Rikicin ƙidayar 1962 da 1963 yana cikin abubuwan da suka raunana jamhuriya ta farko. Ƙidayar 2006 ma Legas ba ta yarda da ita ba. A 2014, zamanin Farfesa Attahiru Jega, hukumarku ta so ƙara rumfunan zaɓe dubu 30, aka yi ca a kan yadda aka raba su tsakanin Arewa da Kudu, dole aka janye. Duk wanda ya ga wannan zai ce a bar kaza cikin gashinta.

Amma ku sake ɗaukar mudun nan na dubu 390 ku auna jihohi, za ku ga dodon bai kai yadda ake faɗa ba. Kano mai miliyan 9.4 tana tashi da kujera 24, abin da take da shi ke nan. Legas mai miliyan 9.1 tana tashi da 23 da ɗoriya, tana da 24. Katsina tana da 15, lissafi ya ba ta kusan 15. Kaduna tana da 16, lissafi ya ba ta kusan 16. Inda aka sami gibi na gaske, ba tsakanin Arewa da Kudu kaɗai yake ba. Zamfara mai kusan miliyan 3.3 tana da kujera 7, Sakkwato mai miliyan 3.7 tana da 11, alhali uwa ɗaya ta haife su. Na faɗi wannan ina sane da cewa ba zai yi wa wasu 'yan uwana daɗi ba, amma ba zan nemi adalci a Ungogo in rufe ido a Gusau ba. Abuja kuwa tun 2006 ta kai miliyan 1.4, kujera 2 kawai gare ta, kuma a 2023 masu rajistar zaɓe a can sun haura miliyan ɗaya da rabi. A Legas ma ƙaramar hukumar Alimosho ta haura mutum miliyan ɗaya tun 2006, wakilinta ɗaya. Mutumin Alimosho da mutumin Hotoro ƙara ɗaya suke da ita a gabanku. Mafi yawan ɓarnar a cikin jihohi take, tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Kuna iya fara gyara daga nan, ku bar wa kowace jiha adadin da take da shi a zagayen farko, ku daidaita cikin gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma kun taɓa nuna za ku iya. Rumfunan zaɓe su ma tun 1996 suke tsaye a kusan dubu 120. A 2021, zamanin Farfesa Mahmood Yakubu, kuka zauna da jam'iyyu da ƙungiyoyi da sarakuna da malaman addini, kuka fito da ƙa'ida ɗaya da ta hau kan kowa, kuka mayar da su 176,846, ƙasa ba ta tsage ba. Ni shaida ne a kan amfanin wannan. A 2019 na shiga layi da hantsi ban jefa ƙuri'a ba sai bayan la'asar, tsofaffi da yawa suka gaji suka tafi gida. A 2023 kafin azahar na dawo. Abin da aka kasa a 2014 an yi shi a 2021 domin an bi ta hanyar shawara. Wannan hanyar tana nan.

Hujjar da muka saba ji ita ce babu sabuwar ƙidaya. Gaskiya ne an shirya yin ta a watan Mayun 2023 aka ɗage ana saura 'yan kwanaki, kuma ina cikin masu roƙon gwamnati ta yi ta. Amma sashe na 75 ya ce a yi aiki da ƙidayar 1991 ko wadda ta biyo bayanta. Ta 2006 tsohuwa ce, na yarda, amma ta fi ta 1991 ƙuruciya da shekara 15. Wanda ya ƙi cin tuwon jiya domin ya kwana, bai kamata a same shi yana cin na shekaranjiya ba. Bayan haka kuna riƙe da rajistar masu zaɓe, rumfa-rumfa, wadda a zaɓen 2023 ta kai mutum miliyan 93 da ɗoriya. Doka ba ta ce a shata iyaka da ita ba, amma ta isa ta nuna muku inda ciwon ya fi tsanani, domin ranar da sabuwar ƙidaya ta fito a same ku da shiri a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Sashe na 74 ya ce duk gyaran da kuka yi ba zai fara aiki ba sai Majalisar Tarayya ta amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke kai ya ƙare. Tunda kujeru 360 ne ba ƙari, duk inda aka ba wani an rage wa wani, kuma wanda za a rage wa yana cikin masu ɗaga hannu. Wanzami ba ya son jarfa, wannan kowa ya sani. To amma wannan nauyinsu ne, ba naku ba. Ku yi naku, ku buga shi, ku ajiye a gabansu da rana tsaka. In sun ƙi, mu san sunan wanda ya ƙi, mu tambaye shi ranar da ya zo neman ƙuri'a. Yanzu da ba ku kai musu komai ba, kun ɗauke musu kunyar, kun rataya ta a wuyanku. Kuma tunda kuna aika musu shawarwari duk lokacin da ake gyaran tsarin mulki, ku sa wannan a ciki: sashe na 73 ya ce kada tazarar sake dubawa ta gaza shekara goma, bai faɗi iyakar da ba za ta wuce ba. Ta wannan ɓarakar shekara talatin ta zube. A sa mata wa'adi na sama, a kuma sa wa majalisa wa'adin da za ta ba da amsa.

Za a ba ku shawarar a ƙara kujeru kawai domin kowa ya samu. Ghana ta bi wannan hanya, daga 200 zuwa 230 a 2004, zuwa 275 a 2012. Ni ban goyi baya ba. Ƙasar da malami ke koyar da yara ɗari a aji ɗaya ba ta da rarar kuɗin sababbin ofisoshi da motoci da alawus. A raba 360 ɗin nan da adalci tukuna.

Idan kun tashi zanen, ku riƙe alƙalamin da hannunku. Mu a Kano mun ga abin da ke faruwa idan iyaka ta zama makamin siyasa: a 2019 aka ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a 2024 aka soke dokar, mutanen ƙauye suka wayi gari sau biyu ana gaya musu wani sabon wurin da za su kai gaisuwa, ba wanda ya tambaye su ko sau ɗaya. Kada a yi mana haka da mazaɓu. Kada gwamna ko jam'iyya mai ci su zauna a ɗaki su yanke unguwar da ba ta zaɓe su ba gida uku domin muryarta ta narke. Tsarin mulki bai ce dole mazaɓa ta bi iyakar ƙaramar hukuma ba, iyakar jiha kawai ya hana a tsallaka, saboda haka kuna da gundumomi 8,809 da za ku yi gini da su kamar tubali. Amma kada ku raba ƙauye da kasuwar da yake ci, ko ku raba dagaci da rabin talakawansa. Mutanen wurin ne suka san wannan, taswirar kwamfuta ba ta san wace hanya ce ruwa ke yankewa a watan Agusta ba.

Shi ya sa jin ra'ayin jama'a bai kamata ya ƙare a ɗakin taro na otal a cikin Kano ba, inda za a gayyaci masu manyan riguna a yi jawabi da Turanci a watse. Ku fassara daftarin da Hausa da sauran harsunan mutane, a karanta shi a rediyo da daddare lokacin da manomi ya dawo gida, a liƙa taswirar a ƙofar gidan dagaci da mai unguwa da bangon makarantar firamare. Ku ba da watanni, ba kwanaki ba. Ku zo Bachirawa ku zauna a filin makaranta da yamma, ku ga yawanmu da idonku. Sannan ku wuce garin Kunya a ƙasar Minjibir ranar kasuwa, ku shimfiɗa taswirar a kan tabarma, ku bar masu albasa da masu awaki su sa yatsa su nuna muku inda layin ya kamata ya bi.

Idan kun sa ranar, ku sanar da wuri. Zan je ƙauye tun daren jajibiri in kwana, da safe in ɗauko Baffa a babur. Yana da tambayar da ya yi mini ban amsa masa da kyau ba, ina so ya yi muku ita da bakinsa.

Na gode, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
wani malamin makaranta,
Bachirawa, ƙaramar hukumar Ungogo, jihar Kano.